Daga Jidda Zuwa Dajin Gadu

Mun tashi da asuba daga unguwar Waziriyya, ni da ɗan baffana, bayan mun idar da salla a masallacin bakin layi. Wani maƙwabcinmu ne ya kai mu mina, wato tashar jiragen ruwa, a motarsa ta ɗaukar kaya, muna zaune a baya a kan kwalaye. Iskar Jidda ko da sassafe ɗumi gare ta da danshi, riga tana manne wa mutum tun bai ɗaga komai ba. Da yawa daga cikinku kun tambayi inda na ɓace kwanakin nan, waɗansu har sun ɗauka Umra na tafi na kashe waya. Sudan na je, ƙauyen mahaifina, kuma abin da ya kai ni shi ne shirin farautar gadu.

Ga wanda bai sani ba, gadu aladen daji ne, mai haure biyu da suka lanƙwaso sama. Larabawan can suna ce masa halluf. Ni a unguwar Sa'alaba ta Jidda aka haife ni, gyaran mukayyif nake yi, wato na'urar sanyaya ɗaki, kuma kafin wannan tafiya ban taɓa ganin gadu ba sai a waya. Baffa ƙanin mahaifina ne, shi ya rage a gida yana noma kusa da kogin Rahad. Ya aiko mana da saƙon murya cewa gadu sun addabi gonar dawa, suna fitowa daga dajin gwamnati garke-garke, kuma in ba a yi musu farauta kafin girbi ba, babu abin da zai shiga rumbu. Ya lissafo abin da yake so: wayar raga mai kauri, tocila, takalman roba dogaye, zarto na wasa ƙarfe, bandeji da maganin rauni, shebur biyu, sai bandir ɗaya na farin yadi. Ya ƙara da cewa kada mu ba kowa saƙo, mu biyun mu kawo da kanmu.

Mun yi kwana uku muna yawon haraj, wato kasuwar gwanjo, muna haɗa kayan. Mai shagon da muka sayi waya ya tambayi abin da za mu yi da ita, da na gaya masa sai ya ajiye almakashinsa ya yi ta dariya, ya kira maƙwabcinsa ya zo ya ga masu farautar alade a Jidda. Kafilina ma, wato ubangidan da nake aiki a ƙarƙashinsa, da na je neman bizar fita da dawowa ya yi tsammanin wasa nake yi. Ya ba ni mako biyu, ya ce ranar da ta cika in ban dawo ba, halas, shi ke nan, akwai masu neman aikin. Ɗan baffana direba ne a wani shagon kayan gini, shi wata guda aka ba shi. Na tambaye shi amfanin farin yadin a farauta, ya ce wataƙila tutoci za a yi don masu kora su riƙa ganin juna a cikin ciyawa. Muka bar maganar a haka.

A mina mun wuni a layi. Na sha ganin masu komawa Sudan a shekarun baya, da akwatunan tsaraba da turare da hayaniya. Wannan karon, saboda yaƙin da ake yi a can, kayan mutane buhunan shinkafa ne, da faifan sola, da kwalayen magani, da keken guragu har guda uku a layinmu kaɗai. A cikin jirgi ma babu mai ɗaga murya. Wani dattijo da ke kusa da ni ya ba ni rabin tamis ɗinsa, wato gurasa, ya ce zai je ya duba ko gidansa yana nan. Bai faɗi garin ba, ni ma ban tambaya ba.

Washegari da hantsi muka sauka a Sawakin. Zafin wurin ya fi na Jidda bushewa, amma ya fi shi cizo. Daga nan muka hau bas zuwa Kassala, hanya doguwa tsakanin duwatsu masu launin toka, raƙuma suna tsallakawa yadda suka ga dama. Duk inda aka tsaya abincin ɗaya ne, ful, wato dafaffen wake, da man riɗi da burodi. Kuɗin ƙasar ya lalace har sai ka miƙa damin takardu kafin a ba ka gorar ruwa, don haka yawancin mutane ta waya suke biya, in an samu sabis. A Kassala na sha jabana, gahawa mai citta da ake zubawa daga ɗan tulun ƙasa, ita ce abu na farko da ya yi mini daɗi tun da muka taso.

Shingayen bincike ba su ƙirguwa. Tun a na farko ɗan baffana ya ja mini kunne cewa in yi shiru, don Larabcina na Hijaz yana tona mini asiri, da na buɗe baki sai a ga ɗan Saudiyya mai riyal. Haka na zama bebe har Gadarif. A wani shinge masu bindiga suka sauke kayanmu gaba ɗaya, suka daɗe suna juya wayar raga da sheburan, suna tambayar wa za mu kai wa. Da aka ce musu halluf za mu farauta, ɗaya daga cikinsu ya tofar da yawu, ya zaɓi tocila huɗu masu kyau ya ajiye a gefe, ya ce yalla mu wuce.

Daga Gadarif kwalta ta ƙare mana. Ƙarshen damina ne, ƙasar wurin kuwa baƙar laka ce, in ta jiƙe tana kama ƙafa kamar danƙo, in ta bushe ta tsage har hannu ya shiga. A bayan tarakta muka ƙarasa, mu da awaki biyu da wata mata mai jego. Mun isa ƙauye da la'asar ranar kwana na huɗu.

Gidan Baffa da na sani tun ina yaro gida ne na mutum tara. Yanzu na ƙirga sama da talatin. 'Yan'uwa da suka gudo daga birane sun cika kowane ɗaki, an kafa bukkoki har a turken dabbobi. A cikinsu akwai 'yar Baffa, ƙanwar abokin tafiyata, wadda ta yi aure a birni. Ta taho a ƙafa da 'ya'yanta biyu tare da wani ayari, mijinta ya kamu da gudawa a hanya, ya rasu a cikin dajin gwamnati saura tafiyar rabin wuni su iso. A can aka binne shi. Na yi mata gaisuwa, ta amsa a hankali, ta ci gaba da kwaɓa ƙullin kisra, wainar dawar da suke ci. Abincin gidan sau ɗaya ake yi a rana, kuma na lura manya suna tashi daga akushi da wuri don yara su samu.

Da safe Baffa ya kai mu gona. Ya tsufa fiye da yadda muryarsa take nunawa, amma tafiyarsa tana nan. Dawa ta yi kyau, ta fi tsayina, zangarniya ta fara nauyi. Sai da muka kai gefen da ke kallon daji na ga abin da yake faɗa. Fili ne guda an kwantar da kara, an tattake, an tone saiwa, kamar an shiga da garma. Gadu ba ya cin abin da ya kai rabin wanda yake ɓatawa. Yana karya kara ya gatsi zangarniya ya wuce ta gaba. Baffa ya ce da can ba su da wannan ƙarfin hali, amma yanzu matasan da ke tsaron gona sun watse, waɗansu yaƙi ya ja su, waɗansu sun tsallaka iyaka, dabbobin kuma sun gane babu kowa. Wannan gona ita ce abincin mutum talatin ɗin nan har wata damina.

Shirin farauta ya fi yadda na zata tsawo. Da farko sai da muka je wurin mai gadin daji, don dajin na gwamnati ne, ba a shiga da makami sai da izini. Wani tsoho muka tarar shi kaɗai a ofishin da babu ƙofa, sanye da kakin da ya koɗe. Ya rubuta mana izini a bayan wata tsohuwar takarda, ya buga hatimi da kulawa. Sharuɗɗansa uku: kada a sa wuta, kada a taɓa barewa, kuma kada a harba bindiga ko sau ɗaya. Ya ce ƙarar bindiga a wannan zamani tana kiran mutanen da ba ma so su zo, kuma ba za su tsaya tambayar wa ake harbi ba.

Saboda haka sai mashi da karnuka. Maƙerin ƙauye ya sare ƙarfen sifirin na wata matacciyar mota ya ƙera mana mashi takwas, kowane da ɗan ƙarfe a gicciye bayan kaifin, don kada gadu ya bi ta jikin mashin ya iso ga mai riƙe da shi. Mun kwana biyu muna wasa su da zarto har hannuna ya yi kanta. Karnukan ƙauye sun rame, haƙarƙarinsu a waje, sai Baffa ya je sansanin wasu leburori Kiristoci da ke yankan riɗi, ya yi magana da su. Suna da karnuka shida da suka san aikin. Aka shirya za su shigo da mu, naman duka nasu ne, tunda mu ba ma ci.

Mafarautan namu kuwa abin dariya ne in ba don halin da ake ciki ba. Akwai tsofaffi uku da suka san daji, sauran duk mutanen birni ne: malamin lissafi, mai sayar da magani, tela, direba, sai ni mai gyaran mukayyif. Baffa ya cika buhu da yashi ya rataye a bishiya ya ce mu soka. Na taho da gudu na soki iska, na faɗa kan malamin lissafi, yara suka yi ta tafi. Wannan ce dariyar da na ji a gidan tun zuwana. Baffa bai yi dariya ba. Ya ce gadu da baya yake shiga raminsa, haurensa yana kallon ƙofa, don haka wanda ya tsaya a bakin rami ya gama yawo da ƙafarsa. A saman ramin ake tsayawa, ta baya. In ya taso maka kada ka gudu, ya fi ka sauri, ka kauce gefe. Ya nuna mana inda haure yake kamawa, cikin cinya, ya sa mai magani ya koya wa kowa yadda ake ɗaure jijiya da bandeji. Bayan wannan babu wanda ya ƙara wasa da buhun.

Rana ta huɗu a ƙauye Baffa ya ce za mu shiga daji bin sawu, mu uku kawai, shi da ɗansa da ni. Ya sa muka ɗora wa jaki wayar raga da shebur biyu da jarkar ruwa. Na ga ya naɗe farin yadin a cikin buhu ya sa a ƙasa. Mun fita bayan sallar asuba kafin mata su fito tsakar gida.

Dajin na dakwara ne da farar ƙaya, ciyawa har ƙugu. Baffa yana tafe yana nuna mana sawu, da kashi, da inda suka goga laka a jikin itace, da ramukan da suke kwana. Mun ga garke ɗaya daga nesa, uwa da 'ya'ya biyar, suka ɗaga wutsiya sama suka ruga. Na yi zaton za mu tsaya mu kafa tarko a hanyarsu, amma Baffa ya wuce. Sai da rana ta take muka isa wani tafki da ya fara ƙafewa, ya ɗaure jakin, ya juyo gare mu.

"Wayar nan ba ta tarko ba ce," in ji shi. "Mijin ƙanwarku yana can gindin waccan bishiya, shi da mutum biyu. Waɗanda suka binne su ba su da shebur, da hannu da itace suka tona. Sau uku ina zuwa ina mayar da ƙasa ina rufewa da ƙaya, sau uku ana tonewa. Ni kaɗai ba zan iya zurfafa shi ba, kuma in na ɗauki ɗan ƙauye, kafin magariba maganar ta kai kunnenta."

Ba zan kwatanta muku abin da muka tarar ba. Sawun gadu yana wurin, na kura ma yana wurin, Baffa ya ce Allah kaɗai ya san wanda ya fara. Kaburbura uku ne: na surukinmu, na wata tsohuwa, da wani ɗan ƙarami na jariri wanda iyayensa suka wuce gaba, ba wanda ya san sunansu. Ɗan baffana ya juya baya ya yi amai, ya wanke bakinsa, ya ɗauki shebur. Mun tona sababbin ramuka a kan tudu, nesa da ruwa, har sai da suka kai mini ƙirji. Baƙar lakar nan tana manne wa shebur, kowane ɗiba sai ka kankare da hannu. Baffa ya yayyanka yadin, shi ya tattara abin da ya rage da hannunsa, bai bari mu taɓa ba, ya naɗe kowa daban. Muka sa su, muka jera itace, muka shimfiɗa waya ninki biyu muka kafe ta da turaku, sannan ƙasa, sannan ƙaya. Muka tsaya muka yi musu addu'a. Mun gama rana ta yi ja, hannuwana duk sun fashe.

A hanyar dawowa Baffa ya ce in an tambaya, mu ce tarko muka kafa. Haka muka faɗa. Ƙanwata, matar marigayin, ita ce ta kawo mana ruwan wanke hannu. Ta zuba wa mahaifinta, ta zuba wa yayanta, da ta zo kaina sai ta tsaya tana kallon buhun da muka sauke daga jaki, wanda ya dawo babu komai a ciki.

"Yaya, ya yi zurfi?" ta tambaye ni, muryarta ƙasa-ƙasa.

Na duba wajen Baffa, ya sunkuyar da kai. Sai na nuna mata ƙirjina, na ce har nan, kuma da waya a sama.

Ta gyaɗa kai, ta ci gaba da zuba mini ruwan har na gama. Daga baya ta gaya mini tun ranar da suka binne shi ta san ramin bai isa ba, domin da hannunta ta taya tonawa, kuma kullum ta ga mahaifinta ya fita da jaki ta san inda za shi. Ta yi shiru ne don ta ga yana so ya ɗauke mata.

An sa ranar farauta jibi. Kashegari sai sama ta haɗu, aka yi ruwan da ba a zata ba, wuni guda cur. Laka ta kama ko'ina, tsofaffin suka ce sai an ba ta kwana uku kafin mutum ya iya gudu a kanta. Na ƙirga kwanakina na ga in na jira, jirgi zai tashi ba ni, iƙamata, wato takardar izinin zamana a Saudiyya, da aikina su bi ruwa, ga iyali a Jidda. Baffa da kansa ya ce in tafi. Na miƙa mashina ga tela, na bar takalmana ga malamin lissafi. Tafiyar awa biyar na yi a ƙafa kafin na samu tarakta. Ɗan baffana ya rako ni har bakin hanya, ya ce zai biyo ni bayan farauta, yana da sauran kwanaki.

Ina Sawakin ina jiran jirgi saƙonsa ya shigo. Sun yi farautar. Sun kashe gadu huɗu, sun kori sauran can cikin daji, kare biyu sun mutu. Wani babban namiji ya fito daga rami ya yanki mai sayar da magani a cinya, aka ɗaure shi yadda shi da kansa ya koya musu, kuma yana raye, ko da yake ba a san ko zai sake takawa daidai ba. Tsofaffin sun ce garken zai dawo cikin mako biyu ko uku, sai an sake kora har a yi girbi. Daga nan ɗan baffana ya ce ba zai dawo ba. Ya ce ya ga yadda hannun mahaifinsa yake rawa in ya riƙe mashi, kuma babu wani namiji mai ƙarfi a gidan. Ya san bizarsa za ta mutu. Ya roƙe ni in je da kaina in gaya wa matarsa, kada ta ji a waya.

Na sauka a Jidda da hantsi, saura kwana ɗaya hutuna ya cika. Ban wuce gida ba, sai da na fara hawa benensu a Waziriyya. 'Yarsa ƙarama ce ta buɗe ƙofa, ta leƙa bayana, ta tambaye ni da Larabci ina babanta. Matarsa ta saurare ni har na gama, ba ta yi kuka ba. Ta tambayi ko yana cin abinci, na ce sau ɗaya a rana, kamar kowa. Ta ce to, ta shiga ta ɗora mini shayi. Zamansu a nan a kan iƙamarsa yake, mu duka mun san haka, amma ranar ba wanda ya ɗauko maganar.

Na tafi ina ganin mu na Jidda mu ne masu taimako, tunda mu ke aikawa. Na dawo na gane aikawa ita ce mafi sauƙi a cikin aikin. Akwai abin da sai mutum ya je da jikinsa, ya tsaya a cikin rami, ya riƙe shebur. Na kuma gane mutanenmu na can ba sa faɗin rabin abin da suke ɗauke da shi, ko a tsakaninsu, kowa yana rufa wa ɗan'uwansa. In naku suka kira suka ce lafiya lau, ku ƙara tambaya. Gobe zan koma aiki, akwai mukayyif uku da ke jirana a Aziziyya. Girbi saura wata guda. Ku sa su a addu'a.